Kilo Ɗaya da Rabi Ya Ƙwace Kofi: Abubuwan Mamaki Game da Nauyin Mota

Kilo ɗaya da rabi ya taɓa fisge kofi daga hannun wanda ya riga ya ɗaga shi. Ranar 28 ga Yulin 2024, a filin tsere na Spa da ke ƙasar Beljiyam, George Russell ya riga kowa tsallake layi da motarsa ta Mercedes, ya hau dandamali, aka yi ta tafi. Daga baya alƙalai suka zuƙe ragowar man da ke tanki, suka ɗora motar a sikeli, sai ga kilo 796.5. Dokar gasar Formula 1 ta waccan shekara ta ce mota da direbanta kada su gaza kilo 798. A ranar aka soke nasarar, aka ba abokin aikinsa Lewis Hamilton. Babban abin da aka zarga shi ne taya: sau ɗaya kawai Russell ya tsaya canji, robar ta cinye fiye da lissafi. Da ma al'adar direbobi ce, in an gama tsere, su bi ta gefen hanya a hankali don ɓurɓushin robar da ya zube ya manne wa tayoyinsu masu zafi, mota ta ƙara ɗan nauyi kafin awo. A Spa ba a yin wannan zagaye na ƙarshe, saboda tsawon filin ya kai kilomita 7.

Me ya kawo wannan rowar nauyi? Injiniyoyin gasar suna lissafin cewa kowane kilo 10 da aka ƙara wa mota yana cin kusan kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa a zagaye guda. A tseren zagaye 50, daƙiƙa 15 ke nan. Tazarar da ke tsakanin Russell da Hamilton a ranar kuwa rabin daƙiƙa ce.

Wanda ya fi kowa riƙo da wannan aƙida shi ne Colin Chapman, Baturen Ingila da ya kafa kamfanin Lotus a 1952. Hujjarsa ita ce ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake amfani, rage nauyi kuwa yana amfani a tashi, a kwana, da wurin taka birki. Har yau ban ga wanda ya karya wannan hujja ba. Lotus Elise da ta fito a 1996, shekaru bayan rasuwarsa, kilo 725 ce, injinta ƙarfin doki 118 kacal, amma tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 6. Ƙashin bayanta na alminiyam ne, nauyinsa kilo 68, kuma ba walda aka yi masa ba, gam aka sa aka manne shi.

Akwai wadda ta fi ta sauƙi. Caterham Seven 170 kilo 440 ce, da ɗan injin Suzuki mai cc 660. Buhun shinkafa tara, masu kilo 50, sun rinjaye ta a sikeli.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya tsaya bakin titi a mahaɗar Jega lokacin kakar albasa ya san yadda Golf take isowa daga Aliero: an cire kujerar baya ko an kwantar da ita, buhuna har rufi, but a buɗe an tamke shi da igiya, baya ya zauna har salansa na gogar kwalta a duk rami, fitilun gaba suna kallon sama. Mai motar tsere ma kujerar baya yake fara cirewa, sai dai shi barin wurin yake fayau. Abin da masu ƙera ƙaramar mota irin wannan suka amince ta ɗauka, direba da fasinja da kaya gaba ɗaya, yawanci tsakanin kilo 400 ne da 500. Manyan mutane biyar sun kusa cinye shi tun ba a sa ko ƙunshi ɗaya ba. Ba na ganin laifin direba shi kaɗai. Akwai kuɗin mai, akwai balas ɗin mai mota, akwai ɗan kamasho, ga manomi yana so kayansa su isa kasuwa kafin farashi ya karye. Amma ƙarfe ba ya jin uzuri.

Ita kanta Golf ɗin ta yi ƙiba. Golf GTI ta farko, ta 1976, kilo 810 ce. Ta yau ta haura kilo 1,400. Jakar iska, ƙarfafan ƙofofi, na'urar sanyaya ɗaki da kwamfutoci ne suka ƙara mata, kuma yawancin wannan ƙari rai yake tsarewa.

Ko fenti ma nauyi ne. Labarin da ya fi shahara a kan haka na 1934 ne. A lokacin dokar manyan tseren Turai ta iyakance mota ne daga sama, kada ta wuce kilo 750. An ce a daren tseren Eifel a Nürburgring sabuwar motar Mercedes ta zarce da kilo ɗaya, sai manajan ƙungiyar, Alfred Neubauer, ya sa aka kwana ana kankare farin fentinta har hasken alminiyam ya fito, washegari Manfred von Brauchitsch ya ci tseren, daga nan launin azurfa ya zama na motocin tseren Jamus. Masana tarihi da dama suna musun labarin, domin dokar kilo 750 ba ta hau kan wannan tsere ba, kuma sai bayan shekara ashirin da wani abu Neubauer ya ba da shi a rubuce. Wanda babu musu a kansa shi ne na 2022: motocin Formula 1 sun fito da nauyi fiye da kima, ƙungiyoyi da yawa suka riƙa cire fenti tsere bayan tsere, suna barin baƙin jikin motar a waje, don tsirar da 'yan giram ɗari.

Ferrari F40, ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa hannu kafin rasuwarsa a 1988, ba ta da rediyo, ba ta da kafet, ba ta da mariƙin buɗe ƙofa daga ciki. Waya ce kake ja. Fentinta siriri ne har ana hango saƙar zaren kabon ta ƙarƙashinsa.

A wurin Porsche abin ya kusa zama ciwo. Motarsu 917, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1970 da 1971, ƙashinta na siraran bututun alminiyam kilo 42 ne, bai kai buhu ɗaya ba. Da yake bututun suna iya tsagewa ba a gani, sai aka hura musu iskar gas aka sa ma'auni. In allura ta sauka, an san wani wuri ya tsage. Kan sandar giya na itace ne. Mabuɗin tayar da motar ma sai da aka huda masa ramuka. Kafin ita, a 1968, sun ƙera wata ta hawan dutse mai suna 909 Bergspyder, kilo 384. Wayoyin lantarkinta na azurfa ne maimakon jan ƙarfe. Faifan birkinta na beriliyom ne, ƙarfen da ƙurarsa guba ce ga huhu. Famfon mai ma sun jefar da shi, suka sa tankin da matsin gas ke tura man zuwa inji. Har yau wasu motocin Porsche masu tsada suna fitowa da ɗan ƙyallen ja a madadin mariƙin ƙofa, an kuma yi wasu da sitika a hanci maimakon tambarin ƙarfe.

Zinariya a ɗakin inji? McLaren F1 ta 1992 tana da ita, kimanin giram 16. Jikin motar na zaren kabon ne, wanda ba ya son zafi, ita kuwa zinariya in an daddage ta ta yi siriri tana mayar da zafi sosai ba tare da nauyi ba. Mai zanen motar, Gordon Murray, ɗan Afirka ta Kudu, ya bi kowane kaya da sikeli. Sifanoni da sauran kayan gyaran da ake ba mai saye na titaniyom ne. Direba a tsakiya yake zama, fasinja biyu a gefensa, ɗan baya kaɗan. Nauyinta kilo 1,138, kuma a 1998 ta yi gudun kilomita 386 a awa. Guda 106 kawai aka ƙera.

Kamfanin Mazda na Japan ya bi ta hanyar talaka. Babu zinariya, babu azurfa, sai bin kowane ƙaramin kaya ana rage masa giram. MX-5 ta 2015 ta fito da sauƙin kusan kilo 100 a kan wadda ta gada, har notin taya aka mayar huɗu daga biyar. Wannan ya fi burge ni a kan duk na baya, domin dabara ce da haƙuri, ba tarin kuɗi ba.

Chevrolet Corvette ta 1997 kuwa akwai itace a daɓenta: falle-fallen balsa, itace mai sauƙin gaske, da aka matse a tsakanin roba mai ƙarfi.

Inda doka ta ce kada a gaza nauyi kaza, sai maguɗi ya shigo. A 1982 ƙungiyoyin Brabham da Williams suka ɗaura wa motocinsu tankin ruwa, wai na sanyaya birki. Da an tashi sai ruwan ya tsiyaye a zagayen farko-farko, mota ta yi gudu ƙasa da kilo 580 da doka ta gindaya, in an gama a sake cika tanki kafin awo, tunda doka ta yarda a ƙara ruwan sanyaya. A tseren Burazil Nelson Piquet ya zo na ɗaya, Keke Rosberg na biyu, aka soke su duka, Alain Prost ya karɓi kofi. A 1984 ƙungiyar Tyrrell ta fi haka: mota tana gudu da sauƙinta, sai dab da ƙarshen tsere a tsayar da ita a ɗura mata ruwa haɗe da ƙananan ƙwallayen darma irin na harsashin bindigar farauta. An kore su daga gasar shekarar baki ɗaya.

Direban ma kaya ne. A tsere mai zafi kamar na Singafo yakan zubar da kilo 2 zuwa 3 na gumi, shi ya sa da ya fito daga mota sikeli yake fara hawa. Shekaru da dama dogayen direbobi suna horar da kansu da yunwa, har a 2019 aka kafa doka: direba da kujerarsa a lissafa su kilo 80, wanda bai kai ba a cika masa da ƙarfe a mazauninsa. Masu sukuwar dawaki a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan lissafi, shi ya sa ƙananan yara marasa jiki ake ɗorawa. A ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha abin ya kai ga zalunci, ana safarar yara ƙanana don tseren raƙuma, har Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka haramta wajen 2005. Yanzu ɗan mutum-mutumi ne mai 'yan kilo kaɗan a kan tozo, mai raƙumi yana bi a mota yana sarrafa bulala daga nesa.

Sauƙi yana kisa in an nemo shi ta mummunar hanya, wannan kuwa dole a faɗe shi. Ranar 11 ga Yunin 1955, a Le Mans, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Jikin motar na magniziyom ne, ƙarfen da ya fi alminiyam sauƙi, wanda in ya kama wuta ruwa ƙara rura shi yake. Haka ta yi ta ci ana zuba ruwa. A 1968 Honda ta ƙera motar tsere da wannan ƙarfe. John Surtees, babban direbansu, ya ƙi hawa. Aka ba Jo Schlesser, ɗan Faransa, ya yi hatsari a farkon tseren Rouen da tanki cike, ya ƙone a ciki. Abin da ya canza lamarin shi ne zaren kabon. A 1981 John Barnard ya ƙera wa McLaren motar Formula 1 ta farko da aka yi akwatin direbanta da shi, mutane suna cewa da ta bugi wani abu za ta ruguje. A shekarar John Watson ya yi mummunan hatsari da ita a Monza, inji da giya suka rabu da gangar jiki, shi kuwa ya fito da ƙafarsa. Tun daga nan aka gane mota tana iya yin sauƙi ta kuma yi ƙarfi, in masani ne ya yi aikin.

Motocin lantarki sun dawo da matsalar sabuwa fil. Hummer mai lantarki ta haura kilo 4,000, batirinta kaɗai ya fi kilo 1,300. Wato batirin ya fi McLaren F1 sukutum nauyi.

A nan akwai namu a ciki. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya wuce Detroit a Amurka ya koyi zanen mota. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, motar da ke haɗa lantarki da fetur. Wadda aka fitar kasuwa daga baya batirinta ya kusa kilo 200. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, kuma a 2020 hukumar ta shirya jerin gwanon motocin da aka harhaɗa a gida daga Abuja zuwa bikin kamun kifi na Argungu. Ina so ɗaliban injiniya na Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero su riƙe wannan suna. Aikin da ke jiran su ba motar tsere ba ne. Bodin a-kori-kura mai sauƙi da ƙarfi, amalanke, tirelar babur mai ɗaukar albasa daga fadama: duk kilon da aka rage wa bodi, kilon kaya ne da za a ɗauka ba tare da an zalunci taya ba.

Babur ɗin haya irin Boxer kilo ɗari ne da 'yan kai. In ɗan kabu-kabu ya taso daga Katanga zuwa kasuwar Jega da buhu biyu, kayan da shi kansa sun fi babur ɗin nauyi nesa ba kusa ba, birkin kuwa wanda aka yi wa mutum biyu ne.

Ga wani abu da kowa zai iya dubawa yau. Durƙusa gefen tayar motarka ka karanta rubutun jikinta, misali 195/65 R15 91H. Wannan 91 ɗin lambar lodi ce, ma'anarta taya ɗaya kada ta ɗauki fiye da kilo 615, shi ma in iskarta ta cika daidai. In 82 ka gani, kilo 475 ne. A motar da aka loda wa baya, tayoyin baya biyu ne suke shan kusan dukan wahalar, ga zafin kwaltar watan Afrilu, ga taya ta gwanjo da ta riga ta tsufa a wata ƙasa. Yawancin abin da ake cewa taya ta fashe haka kawai, ba haka kawai ba ne.

Birki ma lissafi ne. Aikinsa mayar da gudu zafi. Ninka nauyi, zafin ya ninka biyu. Ninka gudu, ya ninka huɗu. In zafi ya wuce kima sai direba ya ji ƙauri, ya taka ya ji feda ta yi laushi, mota ba ta tsaya ba. Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo wa karaya daga nesa, sun san ƙarshen irin wannan tafiya fiye da kowa.

Hanya ma tana biya. Wani gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, ana zagaya manyan motoci a kan titi dare da rana, ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatari ɗaya, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Wanda ya saba bin hanyar Jega zuwa Maiyama har Koko da Yawuri, inda tireloli suke gangarawa kudu da kaya, ya ga kwarin da tayoyi suke haƙawa a kwalta da idonsa.

Sai aljihu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin mota yana rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai zirga-zirga kullum. Shi kansa fetur ɗin lita ɗaya kusan giram 750 ce, jarka mai lita 25 ta kusa kilo 19.

Saboda haka, malam direba, buɗe but ɗinka ka fitar da mataccen batir, tsohon rim, jarkokin da ba ka buƙata da tarkacen ƙarafan da suka shekara a ciki. Kwance kariyar saman mota in ba lodi za ka yi ba. Amma safayar taya, jak, abin kashe gobara da bel ɗin kujera, ka bar su inda suke, kuma kada ka yarda wani ya yanke maka ƙarfen shasi ko ya ƙara wa sifirin ganye don mota ta ɗauki abin da birkinta ba zai iya tsayarwa ba. In lodi ya fi ƙarfin mota, a yi sawu biyu.